Mayen da Ya Kama Kwamfutar Maman Biyu

A wani gidan haya mai dogon tsakar gida, inda ɗakuna suka jeru suna kallon juna, akwai wani mutum da kowa ke kira Na'iya. Shi a wajensa sunan daga iyawarsa ya fito, domin ba a taɓa ambatar abin da ya lalace a gabansa ba bai ce "na iya" tun kafin ya ji ko mene ne ba. Matarsa kuwa, Maman Biyu, cewa take ƙarya yake yi, tun yana goye ake kiransa haka saboda shi ne ɗan lelen Iya, mahaifiyarsa. Ko ma wanne ne gaskiya, fankar Telan gidan da ya gyara har yau baya take juyawa tana hura wa bango iska, famfon tsakar gida kuma tun da ya sa masa hannu sai an ɗan doke shi kafin ya kawo ruwa.

Sana'arsa ta ainihi sayar da awarwaro ce, irin na ƙarfe masu nauyi da ya ce suna maganin ciwon baya, da hawan jini, da mantuwa, da faɗuwar gaba. Sirrinsu, in ji shi, maganaɗisu ne mai ƙarfi da aka cusa a ciki. Kalmar nan maganaɗisu yana ƙaunarta, yana jan ta a baki kamar mai tsotsar alewa. In wani ya yi kuskure ya ce masa ai mayen ƙarfe ne kawai, sai ransa ya ɓaci, ya ce a daina ɓata masa kasuwa, wa zai ɗaura maye a hannunsa? Shi kansa jere yake da su a kowane hannu, ƙarƙashin dogon hannun rigarsa, ko barci ba ya cire su.

Maman Biyu kuma a kantin magani take aiki, tana goge kanta tana jera kwalaye. Akwai jarrabawar da in ta ci za a ba ta shaidar tsayawa a kan kanta tana ba da magani da hannunta. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a kwamfuta, daga gida, kuma duk wanda bai shiga ba kafin la'asar ta ranar, ƙofa ta rufe sai baɗi. Matar nan ta sha wahalar karatun nan. Tagwaye na jan zaninta tana bitar sunayen magunguna, tana wanki tana haddar awo, har ta koyi buga rubutu ba tare da kallon yatsunta ba. Ranar jarrabawa tun da safe ta kai tagwayen gidan mahaifiyarta, ta dawo ta share ɗaki, ta goge tebur, ta buɗe kwamfutarta.

Kwamfutar ta hannu ce ta saya, irin wadda ake iya lanƙwasa murfinta baya gaba ɗaya ta koma kamar allo. In an lanƙwasa ta haka, madannan da ɗan filin nan da ake shafawa da yatsa sai su kulle kansu, don kada hannu ya riƙa danna su ta ƙasa. Da can gilashinta ma yana jin taɓawa, amma tun ranar da ɗaya daga cikin tagwayen ya zauna a kai ya daina. Ban da wannan, lafiyarta lau.

Na'iya yana zaune bakin gado yana kallon matarsa, kuma ka san mai irin halinsa ba ya iya ganin aiki na tafiya daidai babu hannunsa a ciki. Ya ce teburin ya yi ƙasa, wuyanta zai sage kafin ta kai rabi, masana sun hana. Ta ce ya bar shi, haka ta saba. Ya ce sabo ba ilimi ba ne. Kafin ta sake magana ya jawo ɗan akwatin da yake zuba hajarsa, cike da awarwaro, ya ɗaga kwamfutar ya ɗora ta a kai, ya ja baya yana duba aikinsa da kai a karkace.

Ta sa yatsu za ta buga lambarta. Shiru. Ta sake dannawa, ko harafi ɗaya bai fito ba. Ta shafa ɗan filin, kibiyar da ke kan gilashi ta tsaya cak a tsakiya kamar ƙuda ya mutu a wurin. Maman Biyu ta sa salati.

Na'iya kuwa, Allah ya gani, daɗi ya ji. Ba don yana son matarsa ta faɗi ba, a'a, yana son ta ƙwarai. Amma ga dama ta zo har ɗaki, ta ranar da za a ce ba don shi ba da shekarar matarsa ta tafi a banza. Har ya fara jin yadda za a riƙa ba da labarin a tsakar gida.

"Matsa, na iya," in ji shi.

Ya kashe ta ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna, wannan karon yana ƙirga wani abu a ransa. Ya danna madannai uku tare, sannan huɗu, sannan ya shimfiɗa tafinsa duka a kai kamar mai auna zazzaɓi. Maman Biyu ta ce su ɗauke ta su kai wa masu gyara a kasuwa tun da sauran lokaci. Ya ce kasuwa? A ce daga gidan Na'iya aka fita da kwamfuta neman mai gyara? Yaran nan da ba su san komai ba sai cire sabo su mayar da tsoho? Ta ce to akwai madannai na waje da ake jonawa da waya, ta taɓa gani a shagon mai hoton takardu, bari ta je ta roƙa aro. Ya ce ta je in tana son motsa ƙafa, amma kafin ta dawo za ta tarar aiki ya kammala. Ta tsaya a bakin ƙofa ta roƙe shi, don girman Allah, kada ya buɗe komai, kada ya zuba komai, kada ya cire komai. Ya ce ita dai ba ta da yarda.

Tana fita ya ce ɗakin ba haske. Gaskiyar magana, ɗakin ba 'yan kallo. Ya kinkimi teburin zuwa tsakar gida, ƙarƙashin inuwar baranda, ya dawo ya rungumo kwamfutar da hannu biyu ya ajiye a kai. Ya yi gyaran murya mai ƙarfi har sau biyu, don kada wani ya ce bai ji ba.

Tela ne ya fara leƙowa daga shagonsa da ke bakin zaure, da tef a wuya da allurai soke a gaban riga. Bayansa sai Inna mai gidan, tsohuwa mai kunne ɗaya da rabi, wadda ba abin da ke wucewa a gidanta ba ta sa baki ba. Matan ɗakunan ciki suka jawo kujerun tsuguno, masu tsinkar alayyafo suka taho da farantansu. Na'iya ya ga an cika, sai ya fara bayani. Ya ce madannai sun daina ji, ɓeran ciki kuma ya mutu.

Inna ta ce ita fa tun jiya take jin wari ta wajen nan. Ya ce ba irin wannan ɓeran ba, Inna, haka ake kiran abin da ke jan kibiya. Ta ce ɓera ɓera ne, ita ta haifi uban mai kwamfuta, ta juya ta shige ɗakinta. Da ta fito da kyanwarta a hammata ta ajiye ta a kan teburin, ta ce a bar ta ta shinshina. Kyanwar ta dubi kwamfutar, ta dubi Na'iya, ta kwanta a gefe tana lasar ƙafa.

Inna ta ɗan sunkuya ta leƙa gilashin, ta daɗe tana kallon kibiyar da ta ƙi motsi.

"Wannan ba ciwo ba ne," ta ce. "Abu lafiya lau, ido buɗe, amma ba hannu ba ƙafa? Maye ne ya kama ta."

Aka yi dariya, Na'iya ya fi kowa. Ya ce Inna ta bar zancen mutanen da, yanzu zamanin ilimi ne, in akwai maye a gidan nan shi da kansa zai kamo shi ya ɗaure a gindin famfo kowa ya gani. Inna ta ce to, ta ji, ta ja kujera ta zauna.

Ganewarsa ta farko ita ce sanyi. Ya ce matarsa ta goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, danshi ya shiga jijiyoyin madannan suka ƙage, yadda yatsun mutum ke yi da asuba. Maganin sanyi kuwa ɗumi. Ya ce Tela ya kawo dutsen guga. Tela ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin an goge kwamfuta ba. Na'iya ya ce ai shi ya sa shi tela ne. Tela ya tuna fankarsa, ya so ya ƙi, amma son ganin ƙarshen abin ya fi ƙarfinsa, ya je ya ɗauko.

Aka shimfiɗa ƙyalle a kan madannan. Na'iya ya karɓi dutsen, sai ya ji kamar yana jan wuyan hannunsa, ya ce wa Tela dutsen nan nasa ya cika nauyi, wata rana zai gyara masa shi. Tela ya ce ya gode, a bar shi haka. Ya bi layin sama a hankali, ya bi na tsakiya, ya tsaya a na ƙasa yana yi wa matan bayanin yadda zafi ke tafiya a cikin waya. Bayanin ya yi tsawo. Wata mai tsinkar alayyafo ce ta ce ita fa tana jin ƙaurin roba.

Da aka ɗaga ƙyallen, dogon madannin nan na ƙasa ya lanƙwashe ya ɗaga baki biyu sama kamar busasshen kifi, wasu biyu a gefensa sun shanye. Amma bakin Na'iya bai san ja da baya ba. Ya ce madalla, abin da yake nema ke nan, zafi ya tona inda cutar take. Yanzu sai a cire waɗanda suka nuna kansu a miƙar da su.

Ya ari ƙaramin almakashin Tela ya ɓamɓare dogon madannin. Da ya ga ƙurar da ke ƙasa, da ɓurɓushin biskit na tagwaye, sai idonsa ya yi haske. Ya ce ga ta nan, datti ne ya toshe hanya. Ya ɓamɓare na kusa da shi, sannan na kusa da wancan. Abin da daɗi, ɓas, ɓas, kamar ɓare gyaɗa. Kafin a farga kwamfutar ta zama ba haƙori ko ɗaya, madannan kuma suna tare a cikin wani faranti da aka zazzage wa alayyafo. Ya hure ƙurar da baki, ya ɗiga man keken ɗinki a kusurwa huɗu don a samu santsi. Almakashin da ya ajiye a gefe sai matsowa yake yana manne masa a hannun riga, yana ture shi yana cewa kayan Tela duk ba su da tarbiyya.

Wajen mayarwa ne aka samu cikas, domin bai lura da yadda suke a jere ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wani. Tela ya ce ko a nemo hoton wata kwamfutar a waya a duba. Na'iya ya ce ba sai an duba ba, shi dama tun tuni yake ganin kuskuren masu ƙera abin nan. Wane mai hankali ne zai fara jeri da harafin da ba a fara karatu da shi? Sun zuba haruffa birkice kamar an watsa wa kaji tsaba, dole na'ura ta rikice wata rana. Shi zai jera su yadda aka koya wa kowa a aji ɗaya. Ya fara daga kusurwar hagu, a, b, c, yana rerawa, matan na taya shi, Inna na gyaɗa kai don wannan karatun ko ita ta san farkonsa. Da ya gama, abin ya yi kyau a ido, ban da dogon madannin da ya koma wurinsa a karkace.

Ya danna. Shiru. Ya ce sai man ya ratsa tukuna, ya tashi ya nufi famfo can ƙarshen tsakar gida don wanke hannu.

Yana can yana dukan famfo, kyanwar Inna ta miƙe, ta yi hamma, ta taka ta bi ta kan madannan za ta sauka. Sai ga haruffa sun zubo a gilashi, layi guda cur. Wutsiyarta ta shafi ɗan filin, kibiya ta yi tsalle zuwa kusurwa. Matan suka sa guɗa. Tela ya ƙwala wa Na'iya kira ya ce kwamfuta ta tashi.

Na'iya ya taho da gudu hannu na ɗigar ruwa, ya ga haruffan, ya ɗaga kai sama ya lumshe ido. Ya bar su su gama kallonsa. Sannan ya ce jerin aji ɗaya ke nan, a rubuta a ajiye, daga gidan nan aka fara. Ya gyara zama, ya kafa wuyan hannuwansa biyu a gaban kwamfutar yadda ya ga ma'aikatan banki na yi, ya danna harafin farko da ɗan yatsa ɗaya.

Ba abin da ya fito. Ya danna na biyu. Kibiyar ma ta sake sandarewa a inda kyanwa ta bar ta.

Tela ya ce ko a dawo da kyanwar ta rubuta jarrabawar. Inna ta ce kyanwa na ganin abin da mutum ba ya gani, mayen ya ga idonta ne ya saki, da ta sauka ya dawo. Na'iya ya ce a yi masa shiru. Ya ce farfaɗowar da ta yi ta nuna cutar ta gudu daga sama ta koma ciki, yanzu ba makawa sai tiyata. Wata daga cikin matan ta tuna masa cewa Maman Biyu ta ce kada a buɗe. Ya ce ita ta ji da kunnenta? Ta ce gidan nan wa bai ji ba. Ya ce to likita ba ya neman izinin dangi in numfashi na fita.

Ya kifa kwamfutar, ya ɗauko sukundireban da yake ɗaure gilashin idonsa da shi. Notin ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Yana kwance kowanne yana ajiye shi a gefen hannunsa na dama, a kan tebur, a fili, kowa na gani. Ya ɗaga murfin ƙasa, aka matso ana leƙe. Ga wani koren faranti, ga 'yar fanka, ga siraran wayoyi kamar zare. Na'iya ya kalli cikin nan, cikin ya kalle shi, kuma a karo na farko ranar nan ya ji a ransa cewa bai san ko sunan abu ɗaya a ciki ba. Ya hura wa 'yar fankar iska ta juya. Ya ce to, ya gyara, sai a rufe.

Ya mayar da murfi, ya kai hannu inda ya tara notin. Babu ko ɗaya.

Aka duba ƙarƙashin tebur. Aka ɗaga faranti, aka kakkaɓe ƙyalle, aka sa matan suka miƙe suka zazzage zannuwansu. Na'iya ya fara da kyanwa, ya ce ta haɗiye. Inna ta ce kyanwarta ko ƙashin kifi sai ta zaɓa, ya kiyaye ta. Ya juya kan Tela, ya ce dama keken ɗinki da irin wannan notin yake aiki. Tela ya cire tef daga wuya ya ce shi za a yi wa sharrin sata, shi da tun ɗazu alluransa uku suka ɓace daga gaban rigarsa bai ce da kowa komai ba? Murya ta hau murya. Masu wucewa a titi suka fara tsayawa a bakin zaure, mai sayar da ruwa ya ajiye kurarsa ya shigo.

Cikin wannan hayaniya Maman Biyu ta dawo hannu wofi. Ta tarar da shagon mai hoton takardu a rufe, ta wuce wani can gaba suka ce nasu guda ɗaya ne suna aiki da shi, ta dawo a ƙafa rana na dukanta. Inuwar baranda ta riga ta miƙe har ta kusa gindin famfo, kuma ta san abin da hakan ke nufi. Mutane suka buɗa mata hanya ba wanda ya ce mata sannu.

Ta ga teburinta a waje. Ta ga kwamfutarta da murfin ƙasa yana reto, da maiƙo a kusurwa, da haruffa a jere kamar allon 'yan aji ɗaya. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi wa Na'iya sauƙi. Ta zauna a bakin kujera kawai, idonta ya kawo ruwa.

"Shekara guda," ta ce. "Abu uku na roƙe ka. Uku kacal."

Wannan ta soke shi fiye da duk abin da Tela ya faɗa. Amma da yake shi ne, maimakon ya yi shiru sai ya hau kare kansa. Ya ce ba don shi ba da ko farfaɗowar farko ba a gani ba, ta tambayi kowa. Ya ce aiki ya zo ƙarshe wani maƙiyi a gidan nan ya kwashe noti don a kunyata shi. Tela ya ce ya faɗi sunan maƙiyin. Na'iya ya miƙe tsaye, ya ce shi dai hannunsa tsarkakakke ne, kuma zai rantse a gaban kowa. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama har ƙarshe.

Hannun rigar ya zame ya sauko gwiwar hannu.

Ga awarwaro jere suna ƙyalli. A jikinsu kuma, tsaye cirko-cirko kamar gashin bushiya, ga notin kwamfuta gaba ɗaya. Ga alluran Tela uku. Ga ƙaramin makullin akwatin Inna da ta yi mako tana zargin jikarta da shi, ga fil ɗin ɗankwalin wata daga cikin matan, har da murfin kwalbar lemo.

Mai ruwa ne ya fara dariya, ya riƙe ciki ya jingina da bango, daga nan tsakar gida ta ɗauka. Na'iya ya tsaya da hannu a sama, ya kasa saukewa, ya kasa barin su a can.

Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Tana kallon awarwaron, tana kallon kwamfutar, sai maganar wanda ya sayar mata ta faɗo mata a rai. Ya taɓa ce mata kada ta riƙa ajiye ta a kan lasifika, domin da ɗan mayen ƙarfe take gane an lanƙwasa ta, in wani mayen ƙarfe, irin wanda ke cikin lasifika, ya matso kusa sai ta zaci an naɗe ta, ta kulle madannanta. Ta tuna akwatin da aka ɗora ta a kai da safe. Ta tambayi Tela, lokacin da kyanwa ta yi rubutu, ina mijinta yake. Tela ya ce yana wajen famfo.

"Baban Biyu," ta ce a hankali, "ja baya."

Ya ja taku ɗaya. Ta ce ƙara. Ya ƙara. Ta miƙa yatsa ta danna, harafi ya fito. Ta shafa ɗan filin, kibiya ta bi yatsanta lafiya lau. Don kowa ya gani da idonsa, ta ce ya dawo ya dafa gefen kwamfutar. Ya dafa, ta mutu. Ya ɗauke hannu ya ja baya, ta tashi. Matan suka ce a sake, aka sake.

Inna ta miƙe da kyanwarta a hammata, fuskarta fal farin ciki.

"Me na ce muku tun farko? Na ce maye ne, aka ce zancen mutanen da. To ga shi nan, har da na ƙarfe a hannu."

Na'iya ya buɗe baki ya ce sunansa maganaɗisu, amma ba wanda ya ji, shi kansa bai ji daɗin kalmar a bakinsa ba wannan karon. Inna ta ƙara da cewa akwai wanda ya yi alkawarin in an kama mayen zai ɗaure shi a gindin famfo, ita dai tana jira.

Maman Biyu ba ta da lokacinsu. Ta ce Tela ya kawo robar ƙugun wando, aka ɗaure murfin ƙasa da ita ta gefe biyu. Ta goge maiƙon da bakin zaninta. Tela ya ce haruffan fa, duk a birkice suke, yaya za ta gane. Ta ce murfin kawai aka canja musu, na ƙasa suna nan inda suke, ita kuma yatsunta ba sa karatu. Ta ɗaga kai ta kafa ido a gilashi, ta buga lambarta ba tare da ta kalli ƙasa ba. Ƙofar jarrabawa ta buɗe. Tambaya ta farko na fitowa aka fara kiran la'asar daga nesa.

Inna ta kori 'yan kallo, ta sa aka rufe ƙofar zaure, ta ce duk wanda ya yi tari sai ya bar mata gida. Tsakar gida ta yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar madannai, da ɗan ƙas ɗin da dogon nan mai lanƙwasa ke yi duk lokacin da aka taɓa shi.

Na'iya ya ɗan matso a kan yatsun ƙafa, ya rage murya, ya tambaye ta ko akwai abin da zai taimaka da shi. Da gaske yake wannan karon. Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba.

"Akwai. Ka je gindin famfo ka zauna, kada ka motsa sai na gama. Ka iya?"

Ya dubi famfon, ya dubi matan da suka toshe baki da gefen mayafi, ya dubi bayan matarsa da ya sunkuya a kan aikin shekara guda.

"Na iya," in ji shi.

Ya je ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana tsince noti ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a murfin lemo. Har ta gama bai motsa ba, kuma mutanen gidan sun shaida cewa wannan ne gyara na farko da ya yi wanda ya riƙe. Takardar shaidar Maman Biyu tana rataye yanzu a kantin magani. Shi kuma sunan Na'iya ya bi ruwa tun ranar. Ko yaran layin in sun hango shi tafe da akwatinsa, sai su damƙe makullan aljihunsu su ce a ba Maye hanya.